Nasiha Ga Wanda Ya Nufi Sayen Sabuwar Waya

Da sunan Allah mu ke farawa, gare Shi mu ke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, wannan faɗakarwa ce zuwa ga 'yan'uwa malaman allo da alarammomi da 'yan kasuwa na ƙasar Bici, da Dambatta, da Makoɗa, da Kunci, da Tsanyawa, da Minjibir, da Dawakin Tofa, bisa sha'anin wayar nan mai shafawa wadda waɗansu ke kira komai-da-ruwanka.

Kowace shekara in kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa da wake da riɗi, sai ka ga mutane sun nufi birni, wani Farm Centre, wani titin Beirut, su komo da sabuwar waya cikin kwali. Kuɗin da ke fita nan gumin damina ne, don haka ya kamata mutum ya san abin da ya je nema. Ku sani, ya 'yan'uwa, mafi girman amfanin wannan waya ga malami da ɗan kasuwa yana ga idonta, watau kyamara. Idon nan kan kwafe shafi guda cikin ƙiftawa, bai tsallake harafi ba, bai musanya wasali ba. Wanda ya gane haka zai zaɓi waya saboda wannan aiki, ya kuma tsare ta saboda shi.

Fasali na farko, bisa zaɓe

Wayar salula ta shigo Nijeriya cikin 2001, kuma har yanzu ƙaramar waya mai madannai ta isa ga wanda bukatarsa kira kaɗai ce. Amma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma ta taransifa, har a kasuwannin ƙauye, abokan ciniki kuma suna so su ga hoton kaya tun ba su tura mota ba. Wanda ya ga lalle sai ya sayi mai shafawa, to, ya duba abu huɗu.

Na ɗaya batir, domin wutar lantarki ba ta da tabbas a garuruwanmu. A nemi mai lamba 5,000, wadda za ta kai mutum dare bai nemi mai caji ba. Na biyu faɗin cikinta, watau rumbun da ta ke ajiye hotuna. Kada ya gaza giga 64, in da hali 128, gama littafi mai shafi 300 in an ɗauke shi da kyau yana cin kusan giga guda. Na uku layi. Tun ba ka bar gida ba ka tambayi maƙwabta wane layi ne ke da ƙarfi a unguwarku, don waya mai tsada ba ta jawo sabis inda babu shi.

Na huɗu shi ne ido. Masu sayarwa kan yi ta kirari da yawan lambar kyamara, amma gani ya kori ji. Ka tafi da warƙa guda ta rubutun hannu cikin aljihu, ka ɗauke ta nan cikin shago, sa'an nan ka buɗa hoton da yatsu biyu. In ka rarrabe ɗigon fa da ke ƙasa da ɗigon ƙaf da ke bisa, jan wasali kuma bai narke cikin baƙin rubutu ba, to, idon ya isa. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda suka fi yawa hannun jama'armu, duk kamfani guda ke ƙera su, watau Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Falalarsu ita ce kayan gyaransu ba su da wuyar samu a Kano. Samsung da waɗansunsu su ma suna nan, kowa da gwargwadon aljihunsa.

Amma wayar hannu, wadda wani ya riga ya yi aiki da ita, sai an yi hattara ƙwarai. Ka danna *#06#, lamba mai ƙwaya 15 za ta fito, ita ce shaidar wannan waya ita kaɗai. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, ka sa a rubuta ta cikin rasidi tare da sunan mai shago. Ka tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa, in ba haka ba tana iya kullewa a hannunka. In mai sayarwa ya ƙi ba da rasidi, ga kuɗin kuma ƙasa ƙwarai, ka kama hanyarka. Araha ba ta ado. Ƙwacen waya ya ci rayukan bayin Allah a cikin birnin Kano, kuma mai ƙwace ba ya zare wuƙa sai don ya san akwai mai saye. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Kāna ku yi sharaɗi a fili bisa kwana nawa za a iya mayar da ita in aibi ya bayyana. Wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san ɓoye aibi haramun ne, mai saye kuma yana da zaɓi in ya same shi.

Fasali na biyu, bisa tsaro

Tun ranar saye a sa mata gilashin kariya a fuska da riga ta roba mai kauri, don ba a saye littafi a bar shi ba tadarishi. Maƙiyanta a ƙasarmu sanannu ne. Zafin bazara yana kashe batir, saboda haka kada a bar ta cikin rana bisa buhu ko tankin babur, kada kuma a sa ta caji ƙarƙashin matashi. In ka ga bayanta ya kumbura, ka daina cajinta nan take, ka kai ga mai gyara, gama batir mai kumburi yana iya kama wuta. Ƙurar hunturu kan toshe bakin caji. A share shi da tsinke a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe. Da damina in za ka gona ka sa ta cikin leda. In ta faɗa ruwa a kashe ta, a bar ta ta bushe sarai a inuwa, kada a yi garajen sa ta caji. A yi aiki da cajarta ta asali, kuma ƙaramar sola ta gida ta fi mata lafiya bisa ga wutar janareta mai hawa da sauka. Wanda ba shi da makawa sai shagon caji, ya kulle wayarsa tukuna.

Maƙiyi mafi sharri shi ne mutum. A yau layinka mabuɗin dukiyarka ne, domin wanda ya sami sim ɗinka yana iya sa shi cikin wata waya ya nemi hanyar asusunka na banki. Tun Disamba 2020 kuma hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, saboda haka ɓarnar da aka yi da layinka ƙofarka za ta fara ƙwanƙwasawa. To, a sa kulle biyu, ɗaya ga waya, ɗaya ga sim ɗin kansa. A adana katin da sim ya zo a cikinsa, don lambar da ke buɗe shi in an yi kuskure sau uku tana jikinsa. Ranar da waya ta ɓata, a sa banki da kamfanin layi su rufe tun rana ba ta faɗi ba. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri, wanda duk ya tambaya ɗan damfara ne, kome daɗin bakinsa. Ɗan kasuwa kuma kada ya saki kaya don an nuna masa alat a wayar mai saye, sai ya ga kuɗin cikin asusunsa da idonsa.

Fasali na uku, bisa ɗaukar hoton littattafai

Malamai sun yi saɓani game da hoton abu mai rai, kowane ɓangare da hujjarsa. Amma hoton takarda da gona da hatsi babu mai jayayya a kansa, nan kuwa alheri ya ke.

Zauruka da yawa a ƙasar nan suna da gafaka ko adaka cike da rubutun kakanni: Alƙur'ani na hannu bisa ruwayar Warshu, da littattafan fiƙihu masu fassarar ajami tsakanin layuka, da waƙoƙin wa'azi, da salsalar malamai. Gara na cin su, ɗigar soro na jiƙa su, ɓera na yi musu ɓarna. In malami ya rasu kuma, wani lokaci magada kan raba warƙoƙi, littafi guda ya watsu gida uku. A Tambutu, cikin Janairu 2013, 'yan bindiga sun halaka littattafai wajen 4,000 na cibiyar Ahmad Baba, mafi yawan na garin kuwa sun tsira ne don mutanensa sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako. Manya sun daɗe da gane wannan haɗari. Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa cikin 1970, yana tara irin waɗannan rubuce-rubuce, Jami'ar Boston ta Amurka kuma ta ɗauki hotunan littattafan ajamin Hausa ta adana. Amma ba za su kai ga kowane zaure na Kunci ko Makoɗa ba. Aikin ya rage gare mu, ga kayan aikin kuwa a aljihu.

Ga yadda a ke yi. A yi alwala, a tsane hannu sarai. A zaɓi hantsi, a zauna a inuwa mai haske, kamar bakin zaure, ban da tsakar rana. A shimfiɗa baƙin ƙyalle bisa tabarma, a ɗora warƙa. A goge idon waya da tsumma mai laushi, a kashe fitilar kyamara don tana sa ƙyalli bisa tawada. A riƙe waya da hannu biyu daidai bisa tsakiyar shafi, kada ta karkata, kada inuwarka ta faɗa kansa. A taɓa tsakiyar rubutu a fuskar waya har ya fito tar, kāna a ɗauka. Gefe huɗu duka su shiga, saboda hashiya, da kuma kalmar nan da marubuci kan sa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba, ita ce ke jera warƙoƙi in sun hautsine. A bi ciki da baya a jere, ban da lasar yatsa wurin juyawa. Shafin ƙarshe, inda marubuci kan ambaci sunansa da na malaminsa, kada a bar shi ko da ya yage, domin shi ne asalin littafin.

In an gama kada a bar hotunan wuri guda. A zuba su cikin memori a ajiye cikin adaka, a kuma tura wa ɗa ko almajiri amintacce a wani gari. In ta WhatsApp ne, a tura su a matsayin takarda, watau fayil, don in an tura su hoto tsura yakan rage musu kyau har ƙananan wasula su dushe. Littafin wani kuwa ba a ɗaukarsa sai da izninsa, abin da mai shi ya ce sirri ne kuma a bar shi sirri.

Fasali na huɗu, bisa gona da kasuwa

Ƙasarmu cike ta ke da mutane, babu saura, babu daji, gona na jikin gona, gado kuma yana daɗa tsattsaga ta. Layin gamba ko na lalle ko itacen ɗorawa shi ne iyaka, in ya gushe sai husuma tsakanin 'yan'uwa. Ranar rabon gado, ko jingina, ko sayarwa, a ɗauki hoton kusurwa huɗu, da hoton takardar da shaidu da mai unguwa suka sa wa hannu, kowane ɓangare ya riƙe nasa. Hoto ba ya tsayawa matsayin shaidu gaban alƙali, amma yana tunasar da mai mantuwa, yana kuma kunyata mai musu. Haka littafin bashi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san wuta ba ta keɓe takarda. A ɗauki shafukan bashi kowace Jumma'a.

Mai tura hoton wake ko riɗi ko zoɓo ga abokin ciniki a Dawanau ko Ikko ya ji tsoron Allah. Mazhabar Maliku ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, da sharaɗin siffa ta dace da kaya, hoto kuwa siffa ce. A ɗebo daga tsakiyar buhu, a zuba bisa faifai, a ɗauka da hasken rana, ba tare da gyaran launi ba. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya iske na ƙasa jiƙaƙƙe, ya yi hani mai tsanani ga wannan algus. Algus da kyamara shi ma algus ne.

Daga ƙarshe, idon waya yana ƙarƙashin hukuncin idon mai ita. Abin da bai halatta ka leƙa ba, bai halatta ka ɗauka ba. Kada a ɗauki matan mutane, ko wanda hatsari ya rutsa da shi, ko gawa, ko almajiri cikin tsummansa don a yaɗa. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin Musulmi. A rufe ƙararta a masallaci da wurin karatu, kada kuma a shiga bayan gida alhali aya tana bisa fuskarta.

Ina roƙon kowane malami da wannan takarda ta isa gare shi ya buɗe adakar gidansu cikin wannan rani, ya fara da littafin da ya fi tsufa, tun damina ba ta komo ba. Allah Ya sa albarka cikin abin da muka saya, Ya tsare mu da dukiyar haram, Ya jiƙan malamanmu da suka rubuta suka bar mana. Amin. Haza wasalam.