Gargaɗin da Ya Yi Yawa Har Likita Ya Daina Gani

A asibitocin da suka ajiye biro da takarda, likita kan rubuta magani ne a kwamfuta, manhaja kuma ta bi bayansa tana dubawa. Idan ya haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa, kamar warfarin mai tsinka jini da asfirin, ko ya rubuta wa mutum penisilin alhali jikinsa ba ya karɓa, ko adadin ya wuce ƙima, sai gargaɗi ya bayyana a allo. Amfanin wannan tsari ba abin musu ba ne. Binciken da David Bates da abokan aikinsa suka wallafa a 1998, daga asibitin Brigham and Women's na birnin Boston, ya nuna manyan kurakuran magani sun ragu da kashi 55 cikin ɗari bayan an koma rubutawa da kwamfuta.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan gargaɗin. Wasu masu bincike a Holan sun tattara nazarce-nazarce a 2006, suka gano likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin da ke fito musu. Mai karatu zai iya cewa ai sakaci ne. A ganina ba haka ba ne, domin galibin gargaɗin ba su da wani tasiri ga marar lafiyar da ke kwance: manhaja na koke kan maganin da mutum ya shekara yana sha lafiya lau, ko kan haɗin da likita ya yi da saninsa. Wanda gidansa ke bakin titi, a kwana a tashi ba ya jin ƙarar mota. Haka ta faru a asibitin yara na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a 2013, kamar yadda likita Robert Wachter ya bayar da labari a littafinsa na 2015. An so ba wani matashi miligiram 160 na Septra, wanda a nan muka fi sani da Septrin, amma allon yana kan ma'aunin nauyin jiki, sai ya zama 160 ga kowane kilo. Ƙwaya 38 da rabi ke nan maimakon ɗaya. Gargaɗi ya fito wa likita, ya fito wa mai harhaɗa magani, dukansu suka danna suka wuce, don bai bambanta da tarin waɗanda suke gani kullum ba. Yaron ya shanye, ya kama jijjiga, da ƙyar aka ceto ransa.

Wasu za su ce to a rufe ƙofar gaba ɗaya, kada manhaja ta bar likita ya wuce. An gwada. A Jami'ar Fensilbeniya an sa shinge mai ƙarfi kan haɗa warfarin da wannan Septrin ɗin, kuma ya yi aiki, amma dole aka dakatar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba, saboda wasu marasa lafiya da ke buƙatar maganin da gaggawa sun samu jinkiri. Wasu kuma na tsoron cire ko da gargaɗi guda, kada wata rana a rasa rai a kai su kotu. Wannan tsoro kamfanin manhaja da asibiti yake karewa, marar lafiya kuwa shi ke ɗaukar haɗarin.

Abin da ya kamata shi ne a rage gargaɗin, a kasa shi hawa-hawa, mai kisa ya fito da kamannin da ba a saba gani ba, ƙanana su tsaya a gefe ba tare da katse aiki ba, sannan manhaja ta riƙa la'akari da shekarun mutum da nauyinsa da lafiyar ƙodarsa. Asibitocinmu da ke shirin sayen irin wannan manhaja su sa likitoci da masu harhaɗa magani su tace gargaɗinta kafin a kunna ta, su kuma riƙa bibiyar waɗanda ake yawan tsallakewa.