Mai gida da dillali duk suna neman mai saye: wa ke da la'ada?

A Yamai da Maradi, mutum yakan damƙa wa dillali gidansa, kuma ya ci gaba da cigiyar mai saye da kansa, ta WhatsApp ko ta bakin ƴan uwa. Ba laifi ba ne, muddin bai sa hannu kan takardar da ta ba kamfanin dillanci shi kaɗai izinin sayarwa ba. In ya sa, ko shi ya samo mai saye, ana iya bin shi la'ada.

Amma ba nan aka fi rigima ba. Dillali ya kai mutum ya ga gida, bayan sati biyu mutumin ya zagayo ya shirya da mai gida a ɓoye. A nan dillali na da gaskiya, tunda shi ya haɗa su. Shi ya sa ya kamata tun farko a rubuta nawa ne la'adar, wa zai biya, da sunan duk wanda dillali ya kawo.

Farashi kuma ya zama ɗaya. Wanda ya ji miliyan 20 na sefa a bakin dillali, 18 a bakin mai gida, har takardun gidan sai ya fara shakka.