Daga Gaya zuwa bakin teku: abin da matafiyi ke tararwa cikin kwano

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa sauka Kwatano ɗaukar kaya, da duk ma'aikacin da gwamnati ta taɓa turawa taro Lome ko Abijan, ya san shirin da uwargida kan yi a daren tafiya: kilishi cikin takarda, cuku, ƙuli-ƙuli, dabino da ƙullin yaji. Guzurin kwana 3 ne, tafiyar kuwa takan kai mako 2. Ranar da ya ƙare, matafiya sukan rabu gida biyu. Wani ya tsare kansa cikin Zongo da shayi da burodi har ya rame, wani kuma ya ci duk abin da aka miƙo masa, ya ƙare a gadon asibiti, kayansa na jibge a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya na hawa. Dukansu biyu rashin sani ya ja musu, domin galibin abincin da ke ba baƙo tsoro a can, ɗan'uwan na gida ne da ya canza suna.

Paraku, garin doya

Daga gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil zuwa Kwatano akwai fiye da kilomita 700. Shekaru da dama wannan ita ce babbar hanyar kayan Nijar: jirgin ƙasa na OCBN ya kawo su Paraku bisa dogo mai tsawon kilomita 438, daga nan a ɗora wa kamiyo. Rufe iyakar da aka yi cikin shekara ta 2023 ya sa kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, amma abin da ake dafawa a bakin wannan hanya bai canza ba.

A Paraku gero ke fara ba doya wuri. Da hantsi ya yi, ƙarar turmi ce ke nuna wa baƙo inda rumfar abinci take, domin sakwara ba ta jiran mai ci: ana kirɓa ta, ana kwasa, ana kai wa mai saye da zafinta, da miyar gyaɗa ko ta agushi. Cikin miyar ne baƙo kan ga wani yanki mai laushi, fari a ciki, ja a baya, ya tsaya yana shakka. Sunansa « wagasi », kuma aikin matan Fulani ne. Sukan ɗumama madarar shanu, su sa mata tumfafiya, wadda ke cike da jejin Tawa ba wanda ya kula ta, sai madarar ta daskare. A tace cikin ɗan kwando, a dafa, a rina bayan da karan dafi. Ƙanen cuku ne wanda bai sha rana ba. Sai dai baƙo ya yi hattara da sunan da ya yi kama da cuku: « cukutu » da ake sayarwa cikin ƙwarya a wannan yanki burkutu ne.

Bohikon da warin da aka sani

Kudu da nan, a mararrabar Bohikon inda motoci ke tsayawa, mata kan yanyame taga da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle cikin ganye. Wanda ya buɗe ya shinshina ba ya bukatar tafinta. « Afitin » daddawa ce ta kalwar ɗorawa, wadda garin ya yi suna da ita. Haka ma « akasa », da ake naɗewa cikin ganye, gasarar masara ce da aka bari ta yi tsami aka tuƙa, wato kafa. « Amiwo » tuwon masara ne da aka tuƙa cikin romon kaza da tumatir har ya yi ja. Miyar yauƙi da ake kira « krenkren » kuwa lalo ce tsantsa. Abin da ya bambanta shi ne manja, da yawan barkono, da abin da aka jefa cikin miyar.

A nan ne ainihin baƙon abu ke farawa. Kwatano na zaune tsakanin teku da tafkin Nokuwe, saboda haka miyarta cike take da ƙaguwa da jatan lande da kifi mai ƙauri. Mutumin Tasawa da ya ga ƙafar ƙaguwa ta leƙo daga cikin lalo yakan janye hannu. Amma ga mai bin mazhabar Malikiyya dabbar ruwa halal ce, ba ta bukatar yanka, kuma a bakin teku ita ce ta fi kowane nama sabunta. Wanda ya tsallake kifin da aka kamo da asuba, ya zaɓi tsokar naman da bai san mahaucinta ba don kawai ta yi kama da ta gida, ya bar tabbas ya kama shakka.

Inda hatsarin yake

Nama shi ne wurin tambaya. A wajen Porto-Novo da Ajara gasasshen alade abin alfahari ne, kuma wasu rumfunan da mai ɗaya suke soya kome. Akwai kuma gyazbi, wanda masu jin Faransanci a can ke kira « aguti », nama mai tsada da ake karrama babban baƙo da shi. Benin ta fara kiwonsa cikin keji tun shekarun 1980, amma da yawa daga wanda ake ɗagawa a bakin hanya na tarko ne, ba a san lokacin da ya mutu ba. Ba don banza Kodibuwa ta hana cin naman daji cikin shekara ta 2014 ba, lokacin da cutar Ebola ta addabi maƙwabtanta Gini da Laberiya. Mutanen bakin teku sun daɗe da zama da Musulmi, ba su jin haushin wanda ya tambayi wane nama ne, kuma wa ya yanka. Abin da ke ɓata musu rai shi ne baƙon da ya yamutsa fuska ya ture kwano, kuma ciniki da yawa ya lalace a kan haka. Haka nan idan mai masauki ya miƙo ɗan ƙaramin kofi mai ruwa garai, « sodabi » ne, barasar da ake tatsowa daga bammi. Godiya da neman ruwan sha sun isa amsa.

Sauran hatsarin ba shi da alaƙa da baƙuntar abinci. Ƙasar damshi ce da zafi, inda miyar da ta huce kan lalace cikin ƴan awoyi. Tsofaffin direbobin kamiyo sun san dabarar: su nufi rumfar da jama'a suka cika, domin tukunyarta ba ta kwana, su ci abin da aka sauke daga wuta a gabansu, su guji ƙanƙara da ɗanyen latas da ruwan da ba a rufe ba. Galibin gudawar da ake ɗora wa ƙaguwa, daga kofin ruwa ta fito.

Garba na Abijan

Wanda tafiya ta kai har Abijan zai tarar da abin da ya fi duk waɗannan ban mamaki. Abincin ƙasar shi ne « aceke », rogo da ake gurzawa, a bari ya yi tsami, a matse, a murje shi ƙanana, sa'an nan a turara kamar dambu. Wannan dogon aiki shi ke fitar da gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Aiki ne na matan ƙabilun bakin tafki irin su Ebriye da Ajukuru, kuma cikin watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa sanin yin sa cikin jerin gādon al'adun duniya.

Amma kwanon da talakan Abijan ya fi ci, wato aceke da soyayyen kifin tuna da ɗanyen barkono da albasa da ɗan man suya, sunansa « garba ». Kifin daga tashar jirgin ruwan birnin yake fitowa, wanda masana'antun kifin gwangwani suka bari. Masu sayarwa kuwa, tun farkon sana'ar, galibinsu ƴan Nijar ne da suka je ci-rani, kuma mutanen birnin da kansu suna danganta sunan abincin ga sunan Garba. Waɗannan samari sun fito daga ƙasar gero, ba su san tuna ba, ba su san aceke ba. Sun ɗanɗana, sun koya, har suka zama masu ciyar da ƴan makaranta da leburori da ma'aikatan birnin da abincin ƙasarsu. Matafiyin da guzurinsa ya ƙare a unguwar Ajame ko Tireshbil, ya tsaya bakin rumfar garba yana neman kalmar Faransanci da zai tambayi farashi, sau da yawa kafin ya buɗe baki sai ya ji an ce masa: « Sannu da zuwa, Alhaji, na nawa za a zuba? »