Fentin Ɓad-da-Kama a Kwamfuta: Hoto Mai Kyau da Hoto Mai Gaskiya

A shekarar 1917, lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka addabi jiragen dakon kaya na Birtaniya, wani mai zanen hotunan teku, Norman Wilkinson, ya kawo shawarar da ba a saba ji ba. Ya ce tunda babu yadda za a yi a ɓoye jirgin da ke turnuƙe sama da hayaƙi a tsakiyar teku, gara a shafa masa manyan ratsi-ratsi masu karo da juna, yadda mai leƙe daga ƙarƙashin ruwa zai kasa gane inda jirgin ya dosa da irin gudun da yake yi. Shawarar ta samu karɓuwa, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka riƙa gwada ta. A ɗakunan Royal Academy da ke Landan, ana sassaƙa ƙananan jirage na katako, masu zane, yawancinsu mata, su yi musu fenti. Sai a ɗora jirgin kan faifai mai juyawa, a sa masa yanayin sama da teku a bayansa, a leƙe shi ta irin madubin da abokan gaba ke amfani da shi. Zanen da ya rikita mai leƙe shi ake kai wa masu fentin jirgi na gaske.

Yau aikin nan ya koma allon kwamfuta. Injiniya kan ƙera mota ko jirgi marar matuƙi ko akwatin rediyo a cikin manhajojin zanen injiniyoyi da aka sani da CAD, irin su SolidWorks da CATIA da Fusion da Rhino, tun kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Daga nan sai ya lulluɓe siffar da zanen dabbare-dabbare, ya ajiye ta a gaban wani muhalli, ya umarci kwamfuta ta lissafa haske da inuwa ta fitar da hoto kamar wanda kyamara ta ɗauka. Wasu na yin hakan a cikin manhajar kanta, wasu kuma su kai siffar KeyShot ko Blender, wadda kyauta ce ga kowa.

Sai dai akwai wani saɓani a tushen aikin. Hoton kwamfuta an saba yin sa ne don a nuna kaya, su fito fes, mai saye ya gani ya yaba. Fentin ɓad-da-kama kuwa an yi shi ne don kada a ga kayan. Mai zane da bai lura da wannan ba zai fitar da hoto mai ɗaukar ido, wanda ba ya gaya wa kowa komai game da ko zanen zai yi aikinsa. A ganina nan ne yawancin hotunan da muke gani a takardun talla suke faɗuwa.

Dabarar manna hoto a jikin siffa mai lanƙwasa ta samo asali ne daga aikin digirin Edwin Catmull a Jami'ar Utah a 1974, mutumin da daga baya ya shugabanci Pixar. A 1978 Jim Blinn ya ƙara dabarar da ke sa fuska mai santsi ta yi kamar tana da kaushi ko gurbi ba tare da an taɓa siffar ba. Matsalar da suka fuskanta tana nan har yau: hoto shimfiɗaɗɗe ne, jikin mota kuwa duk lanƙwasa ne da kusurwa. Duk wanda ya taɓa kai atamfa mai manyan furanni wurin tela ya san zancen. Tela gwani zai yanka ƙyallen yadda furen zai ci gaba daga gaba zuwa hannu ba tare da ya karye a layin ɗinki ba, wanda bai ƙware ba kuwa sai ka ga rabin fure ya fuskanci gabas, rabin ya fuskanci yamma. A kwamfuta, tsarin yankan shi ake kira taswirar UV, wato lissafin da ke faɗa wa kowane ɗigo na hoton inda zai sauka a jikin siffar.

Manhajojin CAD ba don wannan aka gina su ba. Damuwarsu ita ce awo: rami ya kasance milimita goma daidai, ƙusa ta shiga ba tare da wasa ba. Don haka kowace fuska ta siffar tana da nata lissafin dabam, kuma idan aka sauke zane a kanta kai tsaye sai ya miƙe a wani wuri, ya tsuke a wani. Mafita mai sauƙi ita ce a haska zanen a jikin siffar kamar majigi: daga gefe ɗaya idan abin shimfiɗaɗɗe ne, a zagaye idan mai kama da ganga ne, ko daga ɓangarori shida kamar akwati, a haɗe mahaɗar a hankali. Haskawa daga gefe ɗaya tana barin dogayen ratsi-ratsi a ɓangarorin da suka juya baya ga majigin, shi ya sa yawanci tsarin akwati ya fi dacewa da mota.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi illa, yana faruwa ne a haɗaɗɗen inji. Mota a CAD ba abu ɗaya ba ce, ɗaruruwan sassa ne: ƙofa dabam, murfin inji dabam, marfin tanki dabam. Idan aka sa wa kowane sashe zanen shi kaɗai, to zanen zai fara sabo a bakin kowace ƙofa, sai ga shatar ƙofar ta fito ƙuru-ƙuru. Alhali babban aikin fentin ɓad-da-kama shi ne ya karya shata, ya sa baƙin tabo ya tashi daga murfin inji ya haye ƙofa ya gangara, har ido ya kasa gane inda abu ya fara da inda ya ƙare. Rundunar sojan Amurka ma tana da zanen fenti na musamman ga kowane irin mota, mai nuna yadda launi zai bi gaba da baya da gefe da sama. Don haka a kwamfuta dole a haɗe sassan a haska musu zanen a matsayin jiki ɗaya.

Amma kada a mayar da wannan doka marar togiya. Ƙananan kaya, kamar kwalkwali ko jikin na'urar hangen nesa ko kayan maharba, sau da yawa ba fesa musu fenti ake yi ba. Ana shimfiɗa wata siririyar leda mai zane a kan ruwa, a fesa mata sinadari ta narke, a tsoma kayan a ciki zanen ya naɗe shi. Kowane sashe dabam ake tsoma shi, saboda haka a zahiri zanen yana karyewa a mahaɗa, yana kuma ɗan miƙewa a wuraren da suka zurfafa. Wanda ya nuna wa mai saye hoton da zanen ya bi lafiya lau daga sashe zuwa sashe ya yi masa alƙawarin abin da masana'anta ba za ta iya cikawa ba. Tambayar farko kenan da ya kamata mai zane ya yi: ta wace hanya za a sa wannan zane a jikin kayan na gaske?

Sai batun girma. Idon mutum mai lafiya yana iya rarrabe abu mai faɗin kusan santimita 3 daga nisan mita 100, daga mita 500 kuwa sai abin ya kai kusan santimita 15. Duk tabon da ya gaza haka zai narke cikin maƙwabtansa, su zama launi ɗaya. Idan manhaja ta tsuke zanen da aka yi don faɗin mita biyu ya koma tafin hannu, hoton zai yi kyau a kusa, amma daga nesa motar za ta zama dunƙule guda mai launi ɗaya. Haka kuma idan ƙaramin zane ya riƙa maimaita kansa a jere, ido zai kama shi nan take, domin daji ba ya maimaita kansa a layi. Launi ma ba a zaɓar sa da ido a allo. Fentin launi uku da sojan Jamus ke amfani da shi, wanda ƙawayenta na NATO suka ɗauki irinsa, yana da lambobi tsayayyu: RAL 6031 na kore, RAL 8027 na ruwan ƙasa, RAL 9021 na baƙi. Kuma fenti ne marar sheƙi. Manhajoji da yawa suna zuwa da fentin mota mai ƙyalli a matsayin zaɓin farko, kuma ƙyalli ɗaya a gefen murfi ya isa ya tona asirin mota duka.

Duk wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne muhallin da ke baya. A 1998 Paul Debevec ya nuna yadda za a ɗauki hasken wani wuri na gaske, ta hanyar ɗaukar hoton ƙwallo mai sheƙi kamar madubi sau da yawa da buɗewar kyamara dabam-dabam, a haɗa su, sannan a haska siffar kwamfuta da wannan hasken. Dalilin wahalar shi ne, hoto na yau da kullum matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, don haka rana da farar takarda duk fari ɗaya suke zama a cikinsa. Hoton da aka haɗa ta wannan hanya kuwa, wato hoton HDR, yana riƙe ainihin ƙarfin rana, shi ya sa inuwar da yake jefawa take da kaifi irin na gaske. Yau irin waɗannan hotuna masu zagaye suna samuwa kyauta a wurare kamar Poly Haven.

Abubuwa biyu ne ke bayan siffar, kuma dole su yarda da juna: hoton zagaye da ke ba da haske, da hoton fili da ake gani. Idan rana tana dama a ɗaya tana hagu a ɗaya, ko yaro zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Tsayin kyamara da irin tabaranta su ma sai sun dace da na hoton filin, in ba haka ba motar za ta yi kamar tana shawagi. Inuwar da ke ƙarƙashin mota kuwa ita ce abu mafi duhu a fili mai rana, kuma babu fentin da ke goge ta. Mai zane da ya sassauta ta don hoto ya yi kyau ya cire ainihin abin da ke tona mota daga nesa.

Nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye, tunda ana ƙera motocin sulke a Najeriya, ciki har da Ezugwu da kamfanin DICON na Kaduna ya fito da ita a 2019, kuma matasanmu da yawa suna koyon waɗannan manhajoji. Hasken dajin Turai ba hasken Sahel ba ne. Fili ɗaya a Borno ko Zamfara kore ne shar a watan Agusta, a watan Maris kuwa ya koma ruwan toka da ja da launin busasshiyar ciyawa. A lokacin hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana dusar da rana, inuwa ta yi laushi, launuka su koɗe daga nesa, baƙin tabo ya zama toka-toka. Ƙurar kanta tana kwanciya a jikin mota ta sauya mata launi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya gwada zanensa a ƙarƙashin hoton da aka ɗauka a wata ƙasa ya gwada shi ne don wata ƙasa. Ɗaukar hoton zagaye na filayenmu, a damina da rani da hunturu, da safe da tsakar rana, ba ya bukatar fiye da kyamara da maƙalinta mai ƙafa uku da haƙuri, kuma ina ganin aiki ne da sassan injiniya na jami'o'inmu za su iya yi su ajiye don kowa.

Tsadar raina muhalli ba ƙarama ba ce. A 2004 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi zanen UCP, mai ƙananan murabba'ai masu launin toka da yashi da kore mai dishi-dishi, da fatan zai dace da kowane wuri. A Afghanistan sojoji suka yi ta kukan cewa bai saje da komai ba. A 2010 aka fara ba masu zuwa can zanen MultiCam, a 2015 aka fito da wani sabo, a 2019 aka yi ritaya da UCP gaba ɗaya, bayan kashe kuɗin da rahotanni suka ƙiyasta da dala biliyan 5. Ba hoton kwamfuta ne ya jawo wannan ba, gaggawar zaɓe ce ba tare da cikakken gwaji ba. Amma hanyar da cibiyar binciken rundunar da ke Natick ta bi wajen auna zanuka abin koyi ce ga duk mai aiki da CAD: a nuna wa mutane da yawa hotunan da aka daidaita launinsu, daga wurare da nisa dabam-dabam, a ga daga ina suke hango abin da aka ɓoye.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa wa duk wanda aka miƙa wa hoton. Manhajojin da muka ambata launi uku suke lissafawa, ja da kore da shuɗi, gwargwadon abin da idon mutum ke gani. Ɗanyen ganye kuwa yana mayar da hasken infared mai yawa, wanda ido ba ya gani amma na'urar ganin dare tana gani, kuma koren fenti na kasuwa ba ya yin haka. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu kamfanin Kodak ya yi fim na musamman don bambance ganyen gaske da na fenti daga sama. Zafin inji da na taya ma ba sa fitowa a irin wannan hoto. Masu bukatar waɗannan amsoshi suna komawa ga manhajoji na musamman, kamar DIRSIG ta Cibiyar Fasaha ta Rochester, sannan su fesa fentin a jikin farantin ƙarfe su kai shi fili, su ja da baya mita ɗari biyar, su duba da ido da na'ura.