Daga ƙwayar albasa zuwa buhu: yadda Kiristocin Nijar suke auna girman bangaskiya

Duk wanda ya taɓa sayen irin albasa a kasuwar Galmi ya san abin da ake auna masa: wasu ƴan ƙwayoyi ne baƙaƙe, waɗanda in iska ta taso sai ka neme su ka rasa. Manomi zai zuba su cikin fangali, ya dinga ban-ruwa safe da marece, bayan kamar kwana 40 ya cire ya dasa, sannan ya sake jiran wajen wata uku. Sai bayan wannan wahala ne manyan motoci ke yin layi suna lodin buhuhuwa zuwa Abijan da Akara da Kumasi.

Maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda muke zama rumfa ɗaya da su a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, sun ce haka ita ma bangaskiya take. Ba ta zuwa cikin buhu, a ƙwaya ake samun ta. Ganin cewa ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar nan ba, mai karatu na iya tambaya: to wane girma ke nan suke magana a kai? Amsar tana cikin littafinsu, da tarihinsu, da kuma zamansu na yau da kullum.

Abin da littafinsu ya koyar

A cikin Linjilar Matiyu, sura ta 13, Yesu Almasihu, wato wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (A.S.), ya kwatanta mulkin Allah da ƙwayar mastad, wani ɗan iri mai kama da riɗi wajen ƙanƙanta, wanda in ya tsiro yakan yi rassa har tsuntsaye su samu wurin sauka. Malaman Musulunci ma sun san wannan ƙwaya, domin an ambace ta a Suratu Luƙman da Suratul Anbiya'i wajen nuna cewa ba abin da ke ɓuya ga Allah komai ƙanƙantarsa.

A wannan sura dai ta Matiyu akwai misalin da mata masu tuyar fanke za su fi kowa ganewa: mace ta sa ɗan yisti cikin gari mai yawa, ta rufe, ƙullun duka ya tashi. Ba wanda ya ga lokacin da yistin yake aiki, amma da safe kowa ya ga ƙwarya ta cika. A Linjilar Markus kuma, sura ta 12, an ba da labarin wata gwauruwa da ta jefa ƴan kuɗi biyu mafi ƙanƙanta cikin akwatin baiko, aka ce ta fi attajirai bayarwa, saboda su daga rarar dukiyarsu suka ciro, ita kuwa iyakar abin hannunta ke nan.

Abin da malaman majami'a suke fitarwa daga waɗannan misalai shi ne: aikin mutum shuka da ban-ruwa, tsirarwa kuwa ta Allah ce. Saboda haka ba a raina ƙaramin mafari, kuma ba a jan tsiro da hannu don ya yi saurin tsawo.

Mutum uku suka taso, biyu suka rasu

Tarihin zuwan wannan addini ƙasar Hausa shi kansa haka ya fara. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko daga Kanada da Amurka da niyyar shigowa arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans da Kent. Bingham ya koma gida ba tare da ya samu ko mutum guda ba. Ya sake dawowa, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 ne ƙungiyar tasu, wadda aka sani da suna SIM, ta samu wurin zama a Patigi, bakin kogin Kwara.

A 1924 ƴan mishan ɗin suka iso Damagaram, bayan ƴan shekaru kuma suka zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Aikinsu na farko ya haɗa da wanke gyambo da ba da magani da koyar da karatun boko da Hausa ba. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Hausa, wanda ya sa mai bi zai iya karantawa da kansa ba sai an fassara masa ba. Su kuma ƴan Katolika sun kafa mishan ɗinsu na farko a Yamai a 1931, kuma sai a shekara ta 2001, bayan shekara 70, Maraɗi ta samu nata bishop.

A garin albasa kuwa, wato Galmi, wani likita Ba'amurke mai suna Burt Long da matarsa suka buɗe ɗan gidan likita a 1950. Yau asibitin Galmi yana da gadaje fiye da 100, marasa lafiya na zuwa daga jihohi dabam-dabam har da ƙetaren iyaka, kuma mafi yawansu Musulmi ne. A Danja, kudu da Maraɗi, an fara kula da masu ciwon kuturta a 1956, sannan a 2012 aka ƙara sashen gyaran mata masu yoyon fitsari. Lallai da yayyafi kogi kan cika.

Kututturen da kowa ya raina

Akwai wani labarin da manoman jihar Maraɗi suka fi sani. A 1981 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo aiki da mishan. Ya shafe shekara biyu yana dasa itatuwa, amma rana da iska da awaki suka cinye mafi yawansu. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗa, wata rana a 1983 ya tsaya a daji don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, zuciyarsa ta karaya, ya yi addu'a yana roƙon Allah ya buɗe masa ido. Nan ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, da ya duba ganyensa sai ya ga ashe ba ciyawa ba ce, icce ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa.

Dabarar ba ta buƙatar ko dala: a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kan kututture, a sassabe sauran, a kiyaye su daga gatari. Da farko manoma ƙalilan ne suka yarda, ana yi masu dariya. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu gona zuwa gona. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar nan. Manoma Musulmi ne suka yi mafi yawan aikin da hannunsu, amma Kiristoci na ɗaukar darasi a ciki: abin da ka ɗauka ya mutu a zuciyar mutum, wataƙila saiwarsa na nan, sassabe kawai yake jira.

Ana gane ta a bakin tiya

To amma fa asibiti da itatuwa abubuwa ne da ido ke gani. Girman da littafin nasu ya fi nanatawa shi ne na hali. A wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura ta 5, an lissafa ƴaƴan da ake so a gani ga mai bi, cikinsu har da ƙauna da haƙuri da aminci da kamun kai. Ba ɗaya daga cikinsu da ke nuna cikin dare guda.

Hanyar da ake koya wa sabon mai bi gajeriya ce: ya yi addu'a da asuba kafin ya fita, ya karanta ko da aya ɗaya ce, ya je sujada ranar Lahadi, ya ware wani abu daga ribarsa don baiko, in ya saɓa wa wani ya nemi gafara kafin rana ta faɗi. Mata kuma suna da ƙungiyarsu, Zumuntar Mata, inda suke haɗuwa cikin mako su yi waƙa, su yi nazari, su tara ƴan kuɗi kamar na adashe don gaida mara lafiya ko mai jego ko gidan rasuwa. Mata da yawa da ba su shiga lakwal ba, a irin wannan zama suka fara haɗa baƙi.

Ku ƴan kasuwa kun san inda ake gwada irin wannan tarbiyya. Littafin Karin Magana, sura ta 11, ya ce Allah yana ƙyamar ma'aunin zamba, Annabi Amos kuma ya tsawata wa masu rage mudu su ƙara farashi. Luka sura ta 16 ta nuna cewa wanda ya riƙe amana a ƙaramin abu shi zai riƙe ta a babba. Ke nan macen da ba ta bubbuge gindin tiyarta ba, wadda ba ta shimfiɗa manyan tumatir a sama ta ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ba, wadda ta mayar wa yaro canjin dala biyar da ya manta, a wurinsu ta yi ban-ruwan wannan rana. Wanda kuma ya iya waƙa ranar Lahadi amma ya hana bashi ranar Litinin, irinsa bai kama ƙasa ba tukuna. A nan Musulmi da Kirista ba su da jayayya, domin kowanne littafinsa ya hana shi tauye mudu.

Ranar da aka tone albasa

Ba a sanin girman albasa sai an tone ta. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (S.A.W.) da wata jarida ta buga a Faransa, zanga-zanga ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙona majami'u masu yawa da gidaje da shaguna, alhali Kiristocin ƙasar nan ba su da hannu a zanen. Gwamnati ta yi shelar zaman makoki na kwana uku.

Abu biyu ya kamata a tuna game da waɗannan ranaku. Na farko, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu har ƙura ta lafa. Na biyu, shugabannin majami'u sun fito sun yi kira ga mabiyansu da su yafe, kada su rama, aka kuma ci gaba da sujada a ƙarƙashin rumfuna kafin a sake gini. Irin wannan haƙuri ba a sayen sa ranar da ake buƙatarsa. Wanda bai saba yafe wa abokiyar rumfa da ta janye masa mai saye ba, da wuya ya iya yafe wa wanda ya ƙona masa ɗaki.

Shekara 100 ke nan da ɗoriya tun saukar ƴan mishan a Damagaram, kuma har yanzu Kiristocin Nijar ƴan kaɗan ne. Wanda ya auna su da yawa zai ce jarin bai motsa ba. Su kuwa da wani ma'auni suke dubawa: shin bana na fi bara gaskiya a ciniki, da haƙuri a gida, da tausayin wanda ba shi da shi? Wannan tambaya ce da kowane ɗan kasuwa, ko wane addini yake bi, zai iya yi wa kansa da dare in ya zauna lissafin cinikin yini. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu.