Malam-buɗe-littafi da ɗan'uwansa na dare

Yara, malam-buɗe-littafi yana da ɗan'uwa mai yawon dare. Kowanensu ƙafafu 6 gare shi, da fukafukai 4. To, ƙaƙa za mu rarrabe su?

Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, yana shan zaƙin furanni. In ya sauka, sai ya haɗe fukafukansa sama, kamar an rufe littafi. Yana da ƙaho biyu sirara, kowane da ɗan kai kamar na ashana.

Na dare kuwa, shi ne muke gani yana kewaya fitila. Yawanci jikinsa kauri gare shi, ga gashi. In ya sauka, sai ya shimfiɗa fukafukansa bisa bayansa. Ƙahonsa ba shi da ɗan kai.

Wani irin na dare maɓarnaci ne. Da damina yana saka ƙwai bisa zangarniyar hatsi. Ƙwan nan shi ke zama tsutsar da ake kira murzuna, mai cinye zangarniya. In kun gan ta cikin gona, ku gaya wa iyayenku da wuri.

Tambayoyi
1. Ƙaƙa malam-buɗe-littafi yake ajiye fukafukansa in ya sauka?
2. Daga ina murzuna take fitowa?