Me ya sa ake gwada wasannin bidiyo kafin a kai su kasuwa?

A ranar 10 ga watan Disamba na 2020 ne kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya fitar da wasan bidiyon nan mai suna Cyberpunk 2077, bayan ya ɗage ranar fitowarsa har sau uku.

Kimanin mutane miliyan 8 ne suka biya kuɗinsu tun kafin wasan ya fito. To amma da dama daga cikinsu, musamman masu amfani da na'urorin PlayStation 4 da Xbox One, sun tarar da wasan cike da tangarɗa: hotuna na cijewa, motoci na nutsewa cikin ƙasa, wasan kuma yana mutuwa ana tsakiyar yinsa.

Cikin mako guda da 'yan kwanaki kamfanin Sony ya cire wasan daga shagonsa na intanet, ya kuma mayar wa masu saye kuɗinsu. Bai sake saka shi ba sai a watan Yunin 2021.

Aikin masu gwaji

Masu gwajin wasa ba nishaɗi suke yi ba, duk da cewa mutane da yawa suna yi wa aikin nasu irin wannan kallo.

Aikinsu shi ne su yi ta ƙoƙarin lalata wasan da gangan. Mai gwaji yakan shafe sa'o'i yana tura ɗan wasa jikin bango guda, ko yana buɗe ƙofa yana rufewa, domin ya gano inda manhajar za ta gaza. Idan ya gano kuskure, sai ya rubuta dalla-dalla matakan da ya bi, yadda masu tsara manhajar za su iya maimaita shi su gyara.

Wahalar ita ce gyaran kuskure ɗaya kan haifar da wani a inda ba a zata ba, don haka dole a sake gwada abin da aka riga aka gwada. Ga kuma na'urori iri-iri: wasan da ke tafiya lafiya a kwamfuta mai ƙarfi yana iya gagarar tsohuwar na'ura, kuma a nan ne Cyberpunk ya faɗi.

Sau da yawa masu gwajin sun ga kurakuran, sun kuma kai rahoto. Hukumomin kamfani ne ke yanke shawarar a fitar da wasan duk da haka, saboda cinikin lokacin Kirsimeti, da tunanin cewa za a aika gyara ta intanet daga baya.

Tsohuwar matsala

A 1982 kamfanin Atari na Amurka ya haɗa wasan E.T. cikin makonni biyar kacal. Wasan bai karɓu ba, kuma a 1983 kamfanin ya binne ɗimbin kaset-kaset da suka yi kwantai a Alamogordo, a jihar New Mexico. An tono wasu daga cikinsu a 2014.

Shi kuwa CD Projekt, ya nemi gafarar jama'a, ya kuma amince ya biya dala miliyan 1.85 ga masu hannun jarin da suka kai shi ƙara a Amurka. Ya shafe kusan shekaru uku yana gyaran wasan, wanda zuwa ƙarshen 2024 aka sayar da fiye da kwafi miliyan 30 nasa.